An gayyace ni cin abinci, an ce in zo da kwanona: rowa ce ko raini?

Assalamu alaikum Anti, ya gida, ya ƙoƙari. Ni 'yar Zariya ce, bara na biyo mijina Amurka, muna zaune a Miniyafolis ta jihar Minesota, inda yake aiki a wani asibiti. Wani abu ne yake cin raina na rasa wanda zan faɗa wa, don in na yi wa maigidan magana sai ya yi dariya ya ce in bari zan saba.

Maƙwabciyarmu Baturiya ta gayyace mu cin abincin dare, na yi murna, sai ga saƙo wai in zo da salak. Anti, a gayyace ka cin abinci kuma a ce ka taho da naka? Na danne zuciyata, na ce ni dai ba zan shiga gidan mutane da ganye ba. Na yi dafa-duka babbar kula, na yi waina da miyar taushe. Da muka je na tarar kowa da ɗan kwanonsa. Abincina kuwa cokali ɗai-ɗai suka ɗiba. Wata ta tambaye ni ko akwai gyaɗa a miyar, ina cewa eh ta janye ɗanta daga teburin sai ka ce guba na zuba. Da za mu tafi matar gidan ta rufe kulolina ta miƙo mini da sauran abincin a ciki. Wallahi da hawaye na isa gida.

Na ce bari in nuna musu yadda ake karɓar baƙi. Na gayyace su, na yi girki na gani na faɗa. Kowa sai tambaya yake me zai kawo, na ce kada wanda ya kawo komai. Duk da haka wani ya miƙo mini kwalbar giya yana murmushi. Na yi ta cewa su ƙara, suna cewa sun ƙoshi. Matan suka bi ni kicin suna wanke-wanke, ƙarfe tara kowa ya watse.

Yanzu shugaban su maigida a wurin aiki ya gayyace mu bikin Ranar Godiya, matarsa ta ce in kawo wani abu na ƙasarmu. Na ce ba inda za ni, shi kuma ya ce sai mun je, har mun fara samun saɓani. Anti, mutanen nan rowa ce da su, ko raina ni suke yi don ni baƙar fata ce? In je ko in yi zamana?

Ƙanwarki a Minesota

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da sanyi, sannu da kewar gida.

Ki je. Wannan ita ce amsata, sauran duk bayani ne. Ba zan ce miki babu wariyar launin fata a Amurka ba, akwai ta, kuma ranar da kika haɗu da ita ba sai kin rubuto wa kowa tambaya ba, a jikinki za ki ji. Amma ki sake karanta wasiƙarki, amsar tana ciki. Ke da bakinki kika ce kin tarar kowa da ɗan kwanonsa. Da a ce ke kaɗai aka ce ki zo da abinci, sauran Turawan suka shigo hannu na dukan cinya, da ni zan fara ce miki kada ki sake taka gidan. Abin da aka ɗora wa kowa shi aka ɗora miki.

Liyafar da kika je, su fotlok suke kiranta, wato ta karo-karo, kowa ya kawo kwano ɗaya a jera a kan tebur a ci tare. Kuma Allah ya jefa ki ɗaya daga jihohin da suka yi suna a wannan al'ada. Yawancin fararen Minesota jikokin Jamusawa ne da mutanen Norwe da Suwidin, manoma masu tsimi da tanadi, waɗanda rayuwarsu ta taru a coci. Bayan ibada, ko bayan an binne gawa, sai a sauka ɗakin ƙasa na cocin, kowace mace ta ajiye abin da ta gaso a tandarta. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta ƙara kafa al'adar, don a shekarun nan gida ɗaya ba ya iya ciyar da taro. Daga nan suka gaji abin da suke kira hotdish, niƙaƙƙen nama da miyar gwangwani da dankali a gasa su a faranti ɗaya. Ba zan yi miki alkawarin zai burge harshenki ba, amma su abin alfaharinsu ne, kada ki kushe shi a gabansu.

To yau da suke da wadata fa, me ya hana su dainawa? Ki tuna ranar suna a gidanku a Zariya, ki ƙirga hannayen da ke kan girki. Ƙanne, facaloli, 'yan aiki, maƙwabta da suka shigo tun asuba, yaran da ake aika niƙa, almajirin da zai wanke tukwane. Matar da ta gayyace ki ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Wataƙila uwarta tana wata jiha mai nisan tafiyar jirgi. Ta tashi aiki ƙarfe biyar, ta kwaso yara, ta biya kanti, sannan ta tsaya gaban murhu ita kaɗai ko ita da mijinta. Ɗaukar mai aiki kuwa sai masu hali, don a birninku mafi ƙarancin albashi ya haura dala 15 a awa ɗaya, masu shara da girki a gidaje kuma sun fi haka tsada. In aka ce dole sai mai gida ya ciyar da mutum ashirin shi kaɗai, to yawancinsu sai su shekara ba su buɗe wa kowa ƙofa ba. Ke ma ai kin ɗanɗana. Ki faɗa mini gaskiya, ranar da kika yi girkin na gani na faɗa, kin samu kin zauna kin yi hira da baƙin naki, ko kina tsaye ƙafa a kumbure har suka tafi?

Kuma abin bai kamata ya zame miki baƙo haka ba. Na tabbata kin tashi kin ga ciyayya. Bayan magariba kowane gida a fito da kwanon tuwo, magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ɗayansu, a buɗe kwanuka a ci na wannan a koma na wancan. Ba wanda ya taɓa cewa mai ƙofar gidan marowaci ne don Malam wane ya taho da kwanonsa. Kuma ki lura da wanda ake sa ran ya fito da kwano: ɗan unguwa ne. Baƙon da ya sauka jiya ba a tambayarsa. Ranar da maƙwabciyarki ta ce ki zo da salak, cikin 'yan unguwa ta lissafa ki. Ki leƙa masallatan garinku da azumi ma, za ki tarar Somaliyawa da Larabawa da Pakistanawa da mutanenmu suna buɗa-baki a haka, kowa da tiren da ya kawo, ba wanda ya ga abin kunya.

Inda muka bambanta da su shi ne wurin da kowa ya ajiye mutuncinsa. Mu mutuncin mai gida ne ke kan tebur. Baƙonka annabinka, in ya tashi bai ƙoshi ba kai ne ka ji kunya. Su kuwa baƙon ne ke fargabar kunya. An rene su a kan kada ka zama kaya a wuyan kowa, kada a bi ka bashin alheri, kada ka shiga gidan mutane hannu rabbana. Wannan tambayar ta "me zan kawo?" da ta ishe ki, a wurinsu kamar sallama ce, wanda bai yi ta ba ba shi da tarbiyya. Da kika ce kada a kawo komai, sai kika bar su cikin tsaka mai wuya: ga maganarki, ga tarbiyyar uwarsu. Mutumin nan ya rasa yadda zai yi, ya ɗauko abin da Ba'amurke ke ɗaukowa in ya rasa abin kaiwa, wato kwalbar giya. Rashin sani ne. Laifin kuma, ki yi haƙuri, na maigidanki ne, don shi ya daɗe da su, ya san halinsu, kalma ɗaya ta ishe shi ya gaya musu gidanmu ba a shigo da giya. Nan gaba in suka tambaya, ki ba su ɗan aiki su samu natsuwa: wannan ya zo da 'ya'yan itace, wancan da lemo, waccan da kek. Girkin naki yana nan yadda kike so, ba abin da ya ragu daga karamcinki. In kuma wani ya sake kuskurowa da kwalba, ki yi masa godiya da sakin fuska, ki ce mu ba ma sha kuma ba ma ajiyewa, ya taimaka ya mayar mota. Zai ba ki haƙuri har sai kin gaji, kuma ba zai ƙara ba.

Kada ki ɗauka duk Amurkawa sun yarda da karo-karon nan. Su ma suna faɗa a kai. Judith Martin, wadda tun 1978 take amsa tambayoyin ladabi a jaridu da sunan Miss Manners, ta daɗe tana caccakar masu kiran kansu masu masaukin baƙi alhali baƙin ne suka kawo abincin. A ganinta in abokai sun haɗu sun yarda kowa ya kawo, ba laifi, amma wanda ya ce ya gayyace ka, to ciyarwa tana kansa. Akwai gidaje da yawa masu wannan ra'ayi, musamman dattawa, waɗanda in kika shigo musu da kula ba su nema ba sai ransu ya ɓaci, don kin ɓata musu tsarin girkinsu. Marowata ma suna nan, ba ƙasar da ta rasa su. Wanda zai gayyace ki bikin zagayowar haihuwarsa ya ce ki zo da abinci kuma yana jiran kyauta. Wanda zai yanka miki abu mafi tsada shi kuma ya ajiye ruwa da farantin takarda. Har da wanda za a ci a watse, washegari ya turo saƙon a biya kuɗin cefane ta manhajar tura kuɗi ta Venmo, ba tare da an yi maganar tun farko ba. Waɗannan Amurkawan kansu suna yi da su. Ki auna maƙwabciyarki da wannan ma'auni. In ita ta ba da gida, ta yi babban abincin, ta kawo abin sha, ta kwana tana gyara, ke kuma mafi sauƙin kaya ta ɗora miki, to ban ga rowa ba. Ina ma zaton don ta ga ke sabuwa ce ta zaɓa miki salak.

Salak ɗin nan kuwa da kika raina, gurbi ne a cikin tsari. Matar ta riga ta raba: wane nama, wance burodi, wance kayan zaƙi, ke ganye. Da kika zo da shinkafa da waina, teburin ya tashi ba salak, ga kuma abinci mai nauyi ya yi yawa. Ba ta ce miki komai ba don mutanen Minesota sun ƙware wajen haɗiye magana da murmushi. In an ba ki abin da ba ki so, ki faɗa tun a saƙo: "Salak ba fannina ba ne, in kawo shinkafar ƙasarmu?" Da wuya ta ce a'a. Af, kuma ki yi hattara da abin da ake kira salak a jihar nan. Za ki ga kwano cike da kirim mai zaƙi da Jell-O, wato wani daskararren kayan zaƙi mai santsi, wani ma har da yankakken cakulan Snickers da tuffa, a ce miki salak ne. Ki tambaya kafin ki ɗiba, dalilin yana tafe.

Cokali ɗai-ɗai da suka ɗiba ba ƙyama ba ce. Tebur mai kwano goma sha biyar, faranti ɗaya a hannu, kowa so yake ya taɓa na kowa don kada wata ta koma da nata ba a buɗe ba. Ga attaruhu. Mutanen jihar nan su da kansu suke yi wa kansu ba'a a kan rashin jure yaji, abin da ke ba ki ma ji ba, su gumi yake sa su. Ga kuma wata ɗabi'a tasu ta jin nauyin cinye ragowar ƙarshe, har sai ka ga an raba yanki ɗaya biyu, an sake raba rabin. Kin yi girkin mutum talatin a inda ake bukatar na takwas ko goma, dole ya ragu. Da ta miƙo miki kulolinki da abincin a ciki, a lissafinta amana ta mayar, don abinci da mazubi naki ne, riƙewa ba tare da kin ce ta riƙe ba zalama ce. Na san yadda abin yake a zuciyar Bahaushiya, a dawo miki da abincinki kamar an mare ki ne. Maganinsa ki riga ta magana. Ki tafi da 'yan robobi, ana gamawa ki ce, "Wannan na gidan ne, na bar wa yara," ki juye mata, wanda ya yaba ki zuba masa shi ma. Sai dai kada ki ji haushi in abin da ya daɗe a tebur suka ƙi ɗauka. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana koya musu cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje ba firji ba wuta, in ana tsananin zafi ma awa 1, kuma da yawansu sun riƙe wannan kamar karatun sallah.

Maganar gyaɗa ce nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, don a nan rai ne. Akwai yara da manya a ƙasar nan da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa ya kumbura musu maƙogwaro numfashi ya tsaya cikin mintuna. Iyayensu da allura suke yawo a jaka, EpiPen, don ko-ta-kwana, makarantu da yawa ma sun hana shiga da gyaɗa aji. Dokar da aka kafa a 2004, ta fara aiki a 2006, ta tilasta wa kamfanoni su rubuta a jikin kayan abinci in akwai ɗaya daga abubuwa takwas: madara, ƙwai, kifi, su jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama da waken suya. Daga 1 ga Janairun 2023 aka ƙara riɗi ya zama na tara. Yanzu ki dubi kicin ɗin Bahaushiya. Miyar taushe da gyaɗa. Yajin tsire da ƙuli. Kwaɗon zogale da ƙuli. Kunun gyaɗa sunansa ya faɗa. Kantu riɗi ne zalla. Suya da man gyaɗa muka saba. Mu ne ma ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a teburinsu. Matar nan da ta janye ɗanta, uwa ce ta ga abin da zai iya kai shi asibiti a daren, kuma da kin san abin da ta sani da ke za ki riga ta janye shi. Ki gode wa Allah da ta tambaya, kuma kika faɗi gaskiya. Daga yau duk abin da za ki kai taro, ki tambayi matar gida ko akwai mai irin wannan lalura, ki yi suya da man da ba na gyaɗa ba, ki rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda ki jingina da kwanon, kowane kwano da ludayinsa. In kin samu dama ki nemi matar ki tambayi lafiyar yaron. Zumunci da yawa daga irin nan yake farawa.

Wannan ɗabi'a tasu ta tambayar me ke cikin abinci, ke ce za ki fi kowa cin ribarta. Yadda ta tambaye ki gyaɗa ba kunya, haka ke ma za ki tambayi alade ba kunya, ba wanda zai ga baƙinki. Kuma dole ki tambaya, don alade a girkinsu ɓuya yake yi. Yana cikin wake, ana barbaɗa soyayyensa a kan ganye da dankali, ana cusa tsiran alade cikin haɗin burodin da ake ɗura wa talotalo, wasu da kitsensa suke murza ɓawon kek ɗinsu na kabewa ko tuffa. Jell-O da farin alawar nan mai laushi da suke jerawa a kan dankalin Hausa, da sinadarin jelatin ake yin su, wanda galibi daga fatar alade ake samo shi. Romon nama kuma wasu da giya suke ɗaure shi. Naman da ba Musulmi ya yanka ba, malamai sun yi saɓani a kan na Ahlul Kitabi a irin yankan injin ƙasar nan, ki bi abin da malaminku ya ce, ba fagena ba ne. Haka zama a teburin da ake shan giya, akwai hadisi a kai, ku yi maganarsa ke da maigida kafin ranar, kada sai kun zauna ku fara kallon juna.

Cewa su ƙara kuwa, sau ɗaya, sau biyu, ki bari. In Ba'amurke ya ce ya ƙoshi, mafi yawa ya ƙoshi ɗin ne, matsa masa takura ce. Ke ma ki kiyaye ta ɗaya gefen: in aka miƙo miki abu kika ce a'a don kara, ɗauke farantin za a yi, ki kwana da yunwa. Wanke-wanken da matan suka yi miki godiya ce, kuma ba sa shiga kicin ɗin wadda ba su sake da ita ba. Tashi ƙarfe tara kuma, akwai yarinyar da suka bari da yara ana biyanta a kan awa, ga aiki da sassafe.

Kada ki ce na zama lauyarsu. Akwai abin da har gobe ban yarda da shi ba a zamansu. Zumuncinsu a kalanda yake. Ba ka faɗo wa mutum gida, sai an sa rana mako biyu ko uku kafin nan, a sa lokacin zuwa, wani lokaci har da na tashi. Maƙwabci zai shekara yana ɗaga miki hannu daga mota bai san cikin falonki ba. Tsoho zai yi kwanaki a gida ba wanda ya leƙo. Su ma sun san ciwon, don a watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba, kusan rabin manyan ƙasar suna kuka da shi. A wannan fannin mu ne da abin koyarwa, don haka kada ki zubar da naki. A gidanki ki ciyar yadda uwarki ta koya miki. Da sallah ki zuba abinci ki aika wa maƙwabta, da 'yar takardar abin da ke ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri in ya yi miya ya yawaita ruwanta ya ɗiba wa maƙwabtansa, bai ce sai Musulmi ba. Za ki ga kwanon ya dawo da biskit a ciki da katin godiya. Ranar da kika haihu kuma, ko Allah ya kiyaye aka yi rashin lafiya, za ki sha mamakinsu, don sukan tsara jadawali, yau wannan gida ya kawo abincin dare, gobe wancan, har sai kin miƙe.

Gayyatar da ke gabanki ba ƙarama ba ce. Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wadda Shugaba Abraham Linkon ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa, ranar dangi ce. Mutane suna keta jihohi don su ci abincin nan da iyayensu. Wanda ya kira ku teburinsa a ranar ya ga ba ku da kowa a kusa ne, bai so ku wuni ku kaɗai. Ƙin zuwa ba dalili zai yi wa maigidanki nauyi a wurin aiki, ke kuma ya ƙara kulle ki a ɗaki cikin hunturun da ke tafe, wanda shi na fi ji miki tsoro a kan duk abin da kika lissafa.

Ki ba matar amsa da wuri, ki gaya mata ku nawa ne, kada ku ɗauki wani ku ƙara ba ta sani ba, don kujeru a ƙirge suke. Ki kai abin da ba ya bukatar tandarta, talotalon da ake gasawa a ranar ya mamaye ta tun safe. Ni da ni ce, dafa-duka zan yi madaidaiciya mai sauƙin yaji, ba nama a ciki don masu cin ganye su ma su samu, in ajiye dakakken barkono a gefe ga mai ƙarfin hali, in soya fanke, shi ba ya kwana a teburin Bature. Zoɓo ma yana karɓuwa, da yawansu sun san shi a wurin mutanen Meziko, kuma kin samu abin riƙewa a kofi lokacin da wasu ke riƙe da nasu. In naman ne damuwarki, kantunan Somaliyawa sun cika garinku, daga unguwar Cedar-Riverside har kasuwar Karmel, ki sayi kazar halal ki gasa ki tafi da ita, ki gaya wa matar tun kafin ranar. Ki liƙa sunanki a gindin kula. In an ce ƙarfe biyu, ku isa biyu ko da 'yan mintuna, kada ku riga lokaci, kada kuma ku yi irin namu. Gidaje da yawa sukan zagaya tebur kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, ki tanadi jimla ɗaya don kada a zo kanki ki daburce. In sun yi addu'arsu ki yi shiru ki yi bisimillarki. Namiji ya miƙo hannu, ki dafa ƙirji ki yi murmushi, sun saba gani a garin nan. Ki tuna kuma a ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa a Miniyafolis wajen huɗu da rabi, la'asar da magariba duk a gidan za su same ku, ki sa sallaya a jaka ki nemi ɗaki. Washegari ki tura mata saƙon godiya, suna riƙe wannan ƙwarai.

Saura ƙanin nawa. Ki miƙa masa wayar ya karanta nan. Malam, "za ki saba" ba amsa ba ce ga matar da ta baro uwa da uba ta biyo ka ƙasar da ba ta san kowa ba, ta dawo gida tana hawaye kai kana dariya. Kai ka san mutanen nan, aikinka ne ka yi mata bayani kafin a je, ka yi musu bayaninta kafin ta iso. Kai za ka samu shugaban naka tun wannan makon ka gaya masa ba ku cin alade, ba ku shan giya, kuna bukatar wurin sallah, in akwai kare a gidan a taimaka a killace shi. Ranar kuma ka shiga kicin ka yanka albasa, kai za ka ɗauko kula daga mota, kuma in an tashi wanke-wanke ka naɗe hannun riga, don mazan gidan za ka tarar a bakin famfo.

Allah ya daidaita tsakaninku. Ki rubuto mini bayan bikin in ji abin da matar ta ce da fanken.

Antinki